Sassaƙe a Ɗakin Bincike: Yadda Aka Bar Itatuwa da Yadda Aka Dawo Gare Su

A zangunanmu, daga Kumasi zuwa Garwa, daga Injamena zuwa Mai Wurno, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin dattawa: wai kafso ya daina ci. Maganin da a da ake sha kwana uku gyambo ya bushe, yanzu a sha sati guda ba labari. Wannan koke yana da tushe. A watan Janairun 2022 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani babban ƙiyasi wanda ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta na bakteriya da suka bijire wa magani. Da aka kasa duniya yanki-yanki, Afirka ta Yamma ce ta zo kan gaba, da mutuwar mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Idan an kai nan a zance, sai wani ya ce to a koma ga sassaƙe da saiwa mana, ai da su kakanni suka rayu. Masana harhaɗa magunguna ma sun koma, tun shekaru da dama. Sai dai abin da suka tarar ya bambanta da abin da ake faɗa a majalisa, kuma domin a gane shi dole a bi tarihin daga farko.

Neman magani a jikin tsiro tsohon ilimi ne mai littattafai. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara bayanin magunguna kimanin 1,400, mafi yawansu tsirrai. Kafin shi, Ibnu Sina ya kammala littafinsa Al-Ƙanun a 1025, kuma a juzu'i na biyu ya gindaya sharuɗɗa bakwai na gwada magani. Daga ciki akwai cewa maganin ya kasance tsantsarsa, a gwada shi kan cuta guda wadda ba ta haɗe da wata ba, a fara da ɗan kaɗan, a lura da lokacin da ya fara aiki, a ga ya yi aikin a kowane karo ko a mafi yawan lokuta. Sharaɗi na ƙarshe shi ne a gwada a jikin ɗan Adam, domin abin da ya yi wa zaki ko doki ba lalle ya yi wa mutum ba. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, za mu sake cin karo da shi.

Abin da ƙarni na 19 ya kawo sabo shi ne zaro sinadari guda daga cikin tsiro. Wajen 1805 wani matashi mai harhaɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware mofin daga ƙaron furen ofiyom. A 1820 Pelletier da Caventou suka ware kwini daga sassaƙen itacen sinkona a birnin Paris. Tun daga nan tunanin masana ya tsaya a kan hanya ɗaya: kowane tsiro mai magani yana da sirri guda, sauran duk dusa ce, aikin ɗakin bincike shi ne ya sheƙe dusar ya riƙe tsabar. Wannan tunani ya haifi alheri mai yawa, domin da shi aka iya auna magani da ma'auni, a san abin da aka ba yaro da abin da aka ba babba.

Game da bakteriya, gwaji mafi girma da aka yi wa wannan tunani shi ne na kuturta. A 1873 likita Hansen, a garin Bergen na ƙasar Norwe, ya hango ƙwayar da ke haddasa ta. Magani kuwa sai aka waiwayi Indiya da Bama da Sin, inda aka daɗe ana amfani da man 'ya'yan wani itace mai suna calmugura. Man yana da kauri da ɗaci. Idan an sha sai amai, idan an yi allurarsa sai ya taru a ƙarƙashin fata ya yi ƙulu-ƙulu mai raɗaɗi. A 1904 Frederick Power ya ware sinadarin da ake ganin shi ne ƙarfin man a wani ɗakin bincike a Landan. Wadda ta warware matsalar allurar ita ce Alice Ball, budurwa baƙar fata 'yar Amurka, wadda ke koyar da ilimin sinadarai a Kwalejin Hawayi. Wajen 1915 ta gano hanyar sarrafa sinadaran man su tsinke yadda jiki zai iya shanye su. Ta rasu a ranar ƙarshe ta 1916 tana da shekara 24, ba ta kai ga buga aikinta ba. Shugaban kwalejin, Arthur Dean, ya ci gaba da aikin ya buga ba tare da ambaton sunanta ba, har sai da likita Harry Hollmann ya fito a 1922 ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinta a rubuce. Allurar Ball ta zama abin dogaro a zangunan kutare na duniya fiye da shekara ashirin. Wasu sun samu sauƙi har an sallame su, wasu cutar ta dawo musu, wasu kuma ba ta ko girgiza ba.

Ana cikin haka sai fumfuna ta shigo fage. A watan Satumban 1928 Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa farantin da yake renon bakteriya, a asibitin St Mary's na Landan, ta share duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Sai a 1940 ne Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley suka tace isasshen fenisilin a Oxford suka gwada a kan ɓeraye. A watan Fabrairun 1941 suka ba wani ɗan sanda da cuta ta ci masa jini. Ya fara farfaɗowa, maganin ya ƙare, ya rasu a watan Maris. A 1943 Albert Schatz, ɗalibin Selman Waksman a Amurka, ya samo sitireftomaisin daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, maganin farko da ya karya lagon tarin fuka.

Akwai wani aiki na wannan shekara da ba a cika ambato ba. A makarantar da Florey ke shugabanta, E. M. Osborn ta bi nau'in tsirrai kimanin 2,300 ɗaya bayan ɗaya tana neman masu kashe bakteriya. Ta samu wasu, amma babu wanda ya zama magani irin fenisilin. A 1944 Chester Cavallito da John Bailey suka ware sinadarin alisin daga tafarnuwa. A faranti yana kashe ƙwayoyi sosai, sai dai ba ya zama. Hasali ma babu shi a cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ne wasu abubuwa biyu da ke zaune a ɗakuna daban suke haɗuwa su haife shi, sannan zafin wuta ko daɗewa su lalata shi. Kamfanonin magani suka duba suka ga ƙasa da fumfuna suna ba da riba nan take, sai suka juya wa itatuwa baya. Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 aka samo mafi yawan dangogin antibayotik da muke sha har yau, kusan dukansu daga ƙasa, ko fumfuna, ko haɗin masana'anta. Shi ma man calmugura aka ajiye shi bayan da aka fara gwada maganin Promin a kan kutare a Carville ta Amurka a 1941, sannan John Lowe ya nuna a Uzuwakoli, gabashin Nijeriya, cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson mai araha a samu biyan buƙata.

Murnar ba ta daɗe ba, kuma alamar haka ta riga nasarar kanta fitowa. Tun a watan Disambar 1940, kafin a yi wa ɗan sandan nan allura, Edward Abraham da Chain sun ba da rahoton wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa, mai aiki kamar almakashi, yana datse fenisilin. Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi kashedi cewa ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, wanda ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jikinsa juriya. A asibitin Hammersmith na Landan, Mary Barber ta nuna cewa zuwa 1948 fiye da rabin ƙwayoyin sitafilokokas da take samu a jikin majinyata ba sa jin fenisilin. Wannan ƙwaya ita ce uwar maruru da ƙuraje masu mugunya, kuma idan ta shiga jini tana kisa. Aka ƙirƙiro mata metisilin, a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton irin da ba ya jin sa, wanda duniya ta sani yanzu da MRSA. Dafson ma haka, a 1964 aka tabbatar da kuturta mai bijire masa a Malesiya. Da abin ya yi ƙamari, a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna biyu ko uku a lokaci guda, kuma da wannan haɗi ne aka rage kuturta zuwa inda take yau.

Yadda bijirewar ke faruwa ba boyayyen abu ba ne. Ƙwaya guda tana iya rabuwa biyu cikin minti 20 zuwa 30, don haka a dare ɗaya tana tara zuriya miliyoyi. A cikinsu ba a rasa 'yan ƙalilan da suka bambanta. Idan magani ya zo da rauni, ko aka ba shi inda ba a buƙata, sai ya kashe raunana ya bar wa masu taurin kai fili da abinci. Bugu da ƙari, bakteriya suna miƙa wa juna ƙwayoyin gado kamar yadda maƙwabta ke aron garwashi, har tsakanin nau'ukan da ba dangin juna ba. A 2011 Gerard Wright da abokan aikinsa a Kanada suka tono ƙasa mai ƙanƙara ta shekara 30,000 a yankin Yukon, suka tarar da ƙwayoyin gadon bijire wa magungunan zamani a ciki. Ashe makaman da garkuwoyin duk sun girmi asibiti. Abin da ɗan Adam ya yi shi ne hanzarta lamarin. Mu ma muna da namu kason: sayen kafso biyu a farantin mai talla saboda ciwon kai, buɗe shi a barbaɗa a gyambo, zuba shi a ruwan kaji da abincin tumaki domin su yi ƙiba kafin Sallah.

Da rijiyar ƙasa ta fara ƙafewa, wato aka daina samun sabbin dangogin magani kamar da, sai tambaya ta taso. Itace yana tsaye wuri guda shekara ɗari, saiwarsa cikin ƙasa mai cike da ƙwayoyi, ba ya gudu, ba shi da jini mai sojoji irin namu, amma bai ruɓe ba. To me ya sa duk sinadarin da aka zaro daga jikinsa yake fitowa da rauni, har a buƙaci ninki ɗari ko dubu na abin da ake buƙata daga antibayotik kafin ya tsayar da ƙwaya?

Amsar da ta fi ba mu sha'awa ta fito a shekarar 2000, daga Frank Stermitz da Kim Lewis da abokan aikinsu a Amurka. Sun ɗauki wani ɗan itace mai suna baberi, wanda ke da sinadari rawaya mai ɗaci, baberin. Baberin yana shiga cikin sitafilokokas, amma ƙwayar tana da wani famfo a fatarta da ke fitar da shi waje, kamar mai kwalfe ruwa daga kwalekwale. Masanan suka ce idan haka ne, ba mamaki itacen ya tanadi abin toshe famfon. Suka bincika ganyensa, suka kuwa samu wani sinadari na biyu da ake taƙaita sunansa da 5'-MHC. Shi kaɗai ba ya kashe ko ƙwaya ɗaya. Da an bi tsohuwar hanya, da dusa za a kira shi a zubar. Amma idan yana nan famfon ya tsaya, baberin ya taru a ciki, ƙwayar ta mutu. Abin mamaki kuma, wannan sinadari an taɓa ba da rahotonsa tun da farko a matsayin ɗan ƙaramin ɓangare na man calmugura, man nan na kutare da aka shafe shekaru ana tacewa ana neman tsabarsa guda. Likitoci ma sun riga sun san irin wannan dabara ta wata fuska, domin Augmentin da aka fito da shi a 1981 haɗi ne na amoksisilin da wani mataimaki wanda aikinsa kawai toshe almakashin nan da Abraham da Chain suka gano.

A 2015 aka ga misali na biyu daga inda ba a zata ba. A jami'ar Nottingham, Christina Lee, masaniyar tsohon Ingilishi, da Freya Harrison, masaniyar ƙwayoyin cuta, suka ɗauko wani haɗin maganin ciwon ido daga littafin tibbu na ƙarni na 10 mai suna Bald's Leechbook. Haɗin ya ƙunshi tafarnuwa, da albasa ko 'yar uwarta, da giyar inabi, da ruwan matsarmamar sa, a bar su kwana tara kafin a tace. Suka bi umarnin daki-daki. Haɗin ya kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na MRSA a naman raunukan ɓeraye. Da aka gwada kayan haɗin ɗaya-ɗaya, babu wanda ya yi aikin da suka yi tare, kuma kwanakin jiran ma suna da tasiri. A wannan shekara dai Cassandra Quave ta jami'ar Emory, wadda ta zauna da tsofaffin ƙauyukan kudancin Italiya tana rubuta abin da suke wanke ƙuraje da shi, ta nuna wata hanya ta uku. Sitafilokokas ba ya sakin dafinsa sai ya ji 'yan uwansa sun taru, suna sanar da juna ta hanyar wasu sinadarai kamar mayaƙa masu jiran tambari. Ruwan ganyen itacen kastaniya na Turai bai kashe ƙwayar ba, tambarin ya fasa, sai dafin ya ragu ƙwarai, fatar ɓerayen ba ta ɓarke ba. A 2017 ta samu irin wannan sakamako daga 'ya'yan wani itace ɗan asalin Birazil. Fatan da ake yi shi ne ƙwayar da ba a kashe ba ba za ta yi saurin koyon bijirewa ba.

Nan ne ya kamata mu ja linzami, domin mun ga yadda ake ɗaukar irin wannan labari a kai shi kasuwa a lasifika. Har yau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama maganin da likita zai rubuta wa mai cutar jini. Shekara fiye da ashirin bayan gano 5'-MHC, ba a kai ga mai toshe famfo da aka amince a ba mutum ba. Duk suna tsaye a bakin sharaɗin Ibnu Sina na bakwai.

Haka lamarin yake game da itatuwanmu. Likita J. M. Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, kuma daga cikinsu ɗalibai da yawa suke fara neman abin bincike. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Yamai da Wagadugu sun gwada sabara da marke da bagaruwa sau da dama. Hanyar kusan ɗaya ce: a shanya ganye ko sassaƙe a inuwa, a niƙa, a jiƙa cikin ruwa ko sinadarin barasa, a tace, a ɗiga a 'yar takarda, a ɗora kan farantin da aka shafe da ƙwayoyi, a ajiye a zafin jikin mutum kwana guda, da safe a auna faɗin filin da ya washe. Sau da yawa filin yana washewa, kuma wannan gaskiya ne. Amma dubi bagaruwa. Majema sun fi kowa sanin aikinta: sinadarin tanin da ke cikinta yana kama naman fata ya ɗaure shi ya hana shi ruɓewa. Abin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa ƙwayar cuta a faranti, kuma wannan na iya bayyana amfaninta a baki ko a kan rauni, inda take taɓa wurin kai tsaye. Ciwon da ke cikin huhu ko jini ko ƙoda wani al'amari ne daban, domin sinadarin sai ya tsallake ciki da hanji da hanta tukun, kuma tanin ba gwanin wannan tafiya ba ne. Akwai kuma batun illa. A Gana, inda Dakta Oku Ampofo ya jagoranci kafa cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong a 1975, saiwar nibima ta shahara wajen zazzaɓin cizon sauro. Sinadarinta, kiriftolefin, yana kashe bakteriya a ɗakin gwaji, amma bincike ya nuna yana kutsawa cikin zaren gado na ƙwayoyin jikin mutum ma, don haka yawansa abin kiyayewa ne. Wanda ya riƙe yaro mai numfashi sama-sama a gida yana ba shi jiƙo, saboda ya ji an ce jami'a ta tabbatar, ya ɗora wa farantin gilashi nauyin da bai ɗauka ba.

A ganinmu, babban giɓin da ke cikin binciken da ake yi wa itatuwanmu shi ne wanda labarin baberi da na maganin idon Ingila suka tona. Ana ɗaukar sunan itace da sunan cuta, a bar yadda ake haɗawa. Ɗalibi zai jiƙa sabara ita kaɗai cikin barasa, alhali 'yar mai ganye ba ta taɓa yin haka ba. Ita takan haɗa itace biyu ko uku, wani ta dafa, wani ta tsima shi kwanaki a tukunyar ƙasa, wani ta sa masa jar kanwa, wani ta ce sassaƙen gabas za a ɗebo, wani sai bayan kaka. Ba mu ce duk waɗannan ƙa'idoji suna da tasiri ba. Wasu al'ada ce kawai, wasu ma na iya cutarwa. Sai dai ba za a rarrabe ba sai an gwada haɗin yadda yake, sannan a riƙa cire abu ɗaya-ɗaya ana dubawa, kamar yadda aka yi a Nottingham. Su can sun yi sa'a, wani marubuci ya zauna shekara dubu da suka wuce ya rubuta musu har adadin kwanaki da irin mazubin. Namu bayanin yana kawunan wanzamai da ungozomomi da mahauta da makiyaya, da yawansu sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'i. Marken da suke sassaƙa ma yana cikin itatuwan da masu gawayi suka fi so, har a wasu garuruwan sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga babba guda a tsaye.